Lambar da Askata Ta Yi

Kebbe.

Zuwa ga ɗana Ɗanbaba, malamin makaranta a Tambuwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar ƙarfin jikinka, da ko wuyan nan yana barin ka ka runtsa, da lafiyar iyalinka. Mu nan kowa lafiya, in ban da tunaninka da ya hana Innarka sa gishiri daidai a miya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya kai ka Zariya lafiya, Ya sa hannun likitoci ya zama sanadin sauƙi.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Wadda ta haihu ta haihu, wanda akuyarsa ta ɓata yana nan yana nema. Magana ɗaya ce ta sa na ajiye zabira na ɗauki alƙalami, kuma ka yi haƙuri da rubutun, ka san a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da gemuna.

Matarka Rabi ta aiko wa Innarka saƙo ta bakin matar da ke kai mata daddawa, kuma kada ka yi mata faɗa, abin da ya kamata ta yi. Ta ce likitan Sakkwato ya gaya maka ƙullutun nan na wuyanka ciwon daji ne, za ka tafi babban asibitin Zariya a riƙa ɗura maka magani mai ƙarfi ta jijiya. Wannan mun sani tun ranar da ka zo. Abin da ba ka gaya mana ba shi ne, likitan ya ce kafin a fara sai ka je asibitinku na Tambuwal an yi maka alluran rigakafi, a ba su lokaci su zauna a jiki. Yadda Rabi ta fahimta, maganin Zariya ba ya bambanta ciwo da ƙarfin jikin da ke korar cuta, duka yake kwantarwa. Cutar da yau atishawa kawai za ta sa ka, a lokacin tana iya kayar da kai. In kuma an riga an fara, rigakafin ba ya kamawa yadda ya kamata, wani ma ba a yin sa sam. To, sai ta ce kai ka yanke shawara ba za ka je ba. Za ka isa Zariya ka naɗe hannun riga, ka nuna musu lambar rigakafin da ke damtsenka, ka ce an yi maka komai tun kana yaro. Wai har ka ce allurar Zariya farilla ce, ba yadda za ka yi da ita, ta Tambuwal kuwa nafila ce.

Da Innarka ta gama ba ni saƙon ba ta yi kuka ba. Kallona ta yi ta ce, "Ga abin da kas shuka nan ya nuna. Sai ka ɗau magirbi." Gaskiyarta ce, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗanbaba, ni da kai mun san lambar nan, duk Kebbe ma ta san ta. Askata ce ta yi ta, ba allurar da ta taɓa wurin. Kuma ba nafila likita ya ɗora maka ba, alwala ce, ka kuwa fi ni sanin hukuncin wanda ya tsallake alwala ya ta da kabbara. Amma ba zan yi maka wa'azi ba, ba ni da bakin yi. Zan dai tuna maka abin da gudun allura ya ja mini, ka auna da kanka.

Ni wanzami ne ɗan wanzami. Na yi kaciya, na cire beli, na kafa ƙaho, na yi sakiya ga maruran da masu su kansu ba sa iya kallo, jini bai taɓa sa ni ƙifta ido ba. Amma in na ga allura, sai in fara neman hanyar gudu. Mutane suna cewa ai dama wanzami ba ya son jarfa, ni kuwa ina da hujjata. Aska a fili take aikinta, kana ganin inda ta fara da inda ta tsaya. Allura kuwa shiga take yi can ciki inda ba mai gani, ta zuba abin da ta ga dama, ta fito tana ƙyalli kamar ba ita ba. Shekara da shekaru ina faɗin wannan hujja a gindin durumin kasuwa, ana gyaɗa kai, musamman wanda askata ke kan maƙogwaronsa.

Farkon abin tun kafin a haife ka ne, Innarka tana amarya. Ana tsakiyar bazara sankira ya zaga gari da shela cewa masu lamba sun sauka, kowa ya fito ƙofar hakimi a yi masa maganin agana. Innarka ta yafa mayafi ta je aka yi mata ta dawo. Ni kuwa na hau rumbu na ɗaga murfi na shige cikin dammunan gero, na roƙe ta ta mayar da murfin. Ta mayar, har da dannawa, fiye da yadda na roƙa. Ba a jima ba sai ga dogarin hakimi ya yi sallama yana nema na. Ta ce na ɗan fita. Ya ce ba komai, zai jira, ya nemi inuwa, duk gidan kuma ba inuwar da ta yi masa sai ta rumbun. Ta kawo masa fura ya sha, ya miƙe ƙafa, har ya yi gyangyaɗi. Ni ina ciki zufa tana zuba, ƙaiƙayi ya bi ta wuyan riga ya shiga wuraren da ba zan rubuta wa ɗana ba. Na daure har la'asar ta gabato, sannan atishawa ta ƙwace mini.

Dogarin bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Yarhamukallahu, Wanzam. In ka ƙare ƙidayar dammunan ka sauko, masu lamba sun tafi tun azahar. Hakimi shina son aski."

Na sauko na je na aske hakimi ina susa da hannu ɗaya. Waɗanda aka yi wa lamba sun ɗan yi zazzaɓi sun koma harkokinsu, ni kuwa na daɗe ina soshe-soshe har fatata ta ɗaɗɗaye. Saboda haka shawarata ta farko, in za ka guji wahala, ka fara duba girman wadda za ka faɗa a ciki. Kai abin da za ka ɓuya a cikinsa ya fi ƙaiƙayin gero, domin zazzaɓi ne a jikin da ba shi da mai tsaron ƙofa.

Da mai hankali ne, da daga nan ya daina. Ni kuwa sai na ƙaro dabara. A lokacin 'yan duba-gari sukan tare hanyar kasuwa su ce kowa ya naɗe hannun riga, wanda ba shi da lamba a tasa ƙeyarsa. Na zauna na ƙare wa ta Innarka kallo, na ga ai ba wani abu ba ne, tabo ne zagayayye. Tabo kuwa gonarmu ce. Na ɗan tsaga damtsena da bakin aska, na ɗiga nonon tinya, wurin ya tashi ya yi ƙuna, ya warke ya bar lamba wadda ta fi ta gwamnati kyau. Duba-gari ya gani ya ce in wuce. Kafin damina ta faɗi, matsorata sun gano ni, ana zuwa ta bayan gida, wani da kaza, wani da ƙwaryar dawa. Na farkonsu taubashina Bawa ne, wanda kake kira Kawu Bawa. A lokacin fuskarsa sumul take, 'yan mata har waƙa suke sa shi a ciki.

Sai kuma kai. An yaye ka, Innarka ta tafi Jabo wankan jegon ƙanwarka, masu lamba suka sake zuwa. Kakarka ta ce in ɗauke ka in kai ka. Na saɓa ka a kafaɗa har na hango layi, na ji wani yaro ya callara ƙara, sai na ga ƙafafuna sun juya da mu. Na ce a raina, me zai sa baƙo ya huda mini yaro alhali ubansa gwani ne? Na zauna da kai a bayan masallaci, na ba ka ƙuli-ƙuli, na yi maka irin tawa. Da Innarka ta dawo ta ga lamba ta yi murna, har ta ce ashe na fara hankali.

Shekarar da agana ta shigo Kebbe ita ta tona mu. Masu lambar gaskiya ta wuce su. Bawa kuwa ta kwantar da shi, aka kai shi bukka a bayan gari, har an fara yi wa mahaifiyarsa gaisuwar haƙuri. Yana cikin zafin ciwo ya riƙa kiran sunana yana faɗin abin da na yi, bai rage ko kaza ɗaya ba. Innarka ta ji, ta kama damtsenka ta duba, ta dube ni, ba ta ko tsaya ɗaure kaya ba ta goye ka, ta ɗauki ƙanwarka, ta bi ayarin masu jakuna zuwa Jabo. Ba ku dawo ba sai da cutar ta bar gari. Ni da kai Allah ne kawai Ya tsare mu, askata ba ta da hannu a ciki.

Bawa ya tashi, amma da zanzana fuska duka. Hakimi ya kira ni ya yi mini faɗan da har yau in na tuna kunnena yakan yi zafi, amma hukuncin gaskiya Bawa ne ya yanke. Tun daga lokacin kowace Jumma'a yakan zo ya zauna a kan tabarmata ya miƙo haɓa. Kai ba wanzami ba ne, ba ka san mene ne aske gemu a fuskar mai zanzana ba. Kowane gashi yana da raminsa da yake ɓuya a ciki. In hannuna ya ɗan yi sauri sai ya ce, "Bi sannu, Wanzam. Kai kag gina ramukkan ga, kai ka bin su." Jama'a su yi dariya, ni ma in yi, don wasan taubasai ne. Amma na san saura ƙiris da ba ni da wanda zan aske ranar Jumma'a.

To, ka ji shawara ta biyu. Lambar nan an yi ta ne don idon duba-gari, kuma ta yi aikinta. Likitan Zariya ma tana iya ruɗinsa, don na ce maka ta fi ta gwamnati kyau. Amma cuta ba ta cewa a naɗe hannun riga. Kuma ko da ta gaskiya ce, ta agana ce, Rabi ta ce waɗanda likita yake so a yi maka yanzu na wasu cututtuka ne dabam. Saboda haka ko ƙaryar ma ba ta dace da tambayar ba.

Kuskure na gaba ƙarami ne a ido, amma shi Innarka ta fi riƙewa. Lokacin da kake makarantar horon malamai aka zo da allurar nan mai kama da bindiga, wadda ake taka wa da ƙafa ta yi tsaki, aka ce kowa za a yi wa, da mai lamba da marar ita. Ni ranar na tuna da wata kaciya da ake jira na a wata ruga mai nisa. Kai kuwa da ka zo hutu ka ba ni labarin yadda ka tsinci auduga a ƙasa, ka dafe damtse da ita, ka ɓata fuska, ka shige layin waɗanda aka gama da su. Har ka kwaikwayi yadda ka riƙa cije leɓe. Na yi dariya har da hawaye, na cire hular da ke kaina na ba ka tukuici, na ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Innarka tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce mu ci gaba, akwai ranar da za mu nemi dariyar mu rasa. Ɗanbaba, ba kowace dariyar uba ce albarka ba. Waccan na janye ta. Hular dai ka riƙe, ta riga ta tsufa.

Sai maganar Makka, wadda ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna, tun da ni ake tuna wa kullum. Shekarun nan da kuɗin mai suka zubo, kowa ya zama ɗan kwangila, har wanda jiya yake dako yau yana da mota. Akwai ubangidana da nake aske wa kai tun yana tallan goro, Allah Ya buɗa masa, ya ce ya biya mini kujera. Aka yi ta zuwa yi mini barka. Na ɗinka sabuwar riga, na yafe wa kowa, har waɗanda ba su yi mini komai ba. Aka kwashe mu a mota zuwa Sakkwato, wai sai an yi wa kowane maniyyaci allura kafin ya hau jirgi. Ban damu ba, na san abin da ke damtsena. Da layi ya matso na naɗe hannun riga na nuna wa ma'aikacin. Ya yaba kyanta, ya ce amma akwai ta kwalara da ta shawara, kuma ita kanta ta aganar sabuntawa ake yi. Na leƙa ciki na ga wata ma'aikaciya da faranti, allurai a jere. Wata tsohuwa ta fito tana gyara mayafi tana hira, ko a jikinta. Na ce wa na bayana ya riƙe mini wuri, zan zaga in dawo. Zagawar da ban tsaya ba sai Kebbe.

Da na iso na ce wa mutane na yi istihara na ga ba a kira ni ba tukuna. Innarka ta ce to ita ta ji an kira ta. Ubangidana ya ce kujera dai an biya, dole a zauna a kanta, kuma ga yayanta yana cikin masu tafiya. Ta je Sakkwato ta miƙa hannu aka yi mata, ta hau jirgi, ta dawo da haƙorin Makka. Yau in baƙo ya shigo gari yana neman gidana, in ya ce gidan Wanzam sai a tambaye shi wanne, in ya ce gidan mijin Hajiya ko akuya ta san hanya. Duk sa'ad da ta yi mini dariya kuma sai haƙorin nan ya haska ni.

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, kujerar Makka in ka gudu wani yana iya zauna maka, ya dawo maka da dabino da zamzam. Wannan allurar ba mai karɓar maka. Da ana karɓa, da Innarka ta riga ta iso Tambuwal da hannu a miƙe. Kuma jirgi bai jira ni ba, haka likitan Zariya ba zai jira ka ba. In ka ɓata kwanakin nan da ya ba ka, ko dai a fara maganin jikinka ba shiri, ko a ɗage farawa ƙullutun yana ƙara girma. Duka biyun ba wanda nake so.

Na ƙarshen ba ya ba ni dariya, amma zan faɗa, domin akwai shawara a ciki. Daminar bara ka zo a kan sabon babur ɗinka ka nuna mini ƙullutun, lokacin bai fi gujiya ba. Na taɓa na ce mataccen jini ne, sanƙarar da wuya da kake yi a kan babur ce ta tara shi. Na kafa maka ƙaho. Ka dawo na sake kafawa, ka sake dawowa na ƙara da tsaga. Ina nuna maka baƙin jini a ƙaho ina cewa ga ciwon nan yana fita, shi kuwa yana tashi daga gujiya zuwa goriba. Sai da Rabi ta kafe ta ce asibiti sannan aka je. Watannin nan da suka tafi a hannuna suka tafi, kuma ba ranar da ba na tuna su.

Don haka in ka fara maganin nan, kada ka bar kowa ya kusance ka da aska ko ƙaho, ko da ni ne. An ce jini ba ya saurin tsayawa a lokacin, ƙaramin rauni kuma yakan zama babba. Ka ga yau wanzami yana hana ƙaho, abin da ubana bai taɓa ji ba. 'Yan dubiya za su zo maka da saƙe-saƙi da garin magani, kowa da labarin wani ɗan'uwansa da ya warke. Addu'arsu ka karɓa da hannu biyu, abin sha kuwa ka nuna wa likita tukuna. Mai tari ko mura ya gaishe ka daga bakin ƙofa, in ya ji haushi ka ce ni na ce. Kuma ka gaya wa likitan komai: lambar aska, da audugar makaranta, da ƙahon da na kafa maka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In zai yi dariya ya yi, ba shi ne na farko ba.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Da na zauna zan rubuta maka takardar nan, Innarka ta tambaye ni da wane baki zan ce wa wani ya je a yi masa allura. Ka san bazara ta gabato, an kawo allurar sanƙarau ɗakin shan magani na nan Kebbe, Malam Garba dispensa yana ta roƙon mutane su zo. Ranar kasuwar da ta wuce na yi wanka na sa rigar nan da na ɗinka don Makka, na biya wa Bawa na ce ya raka ni. Ya tambaye ni ina, na gaya masa, sai ya koma ciki ya sa takalmi mai kyau, ya ce wannan ba tafiyar da za a yi da silifa ba ce.

Malam Garba ya zaci wani na kawo, yana ta leƙa bayana. Da ya gane ni ne, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna tukuna. Ban san wanda ya kai labari kasuwa ba, amma kafin a tafasa allura taga ta cika da kawuna, masu nama sun bar nama, har Innarka na hango can baya da mayafinta. Na yi kalmar shahada. Na yi wa Bawa wasiyya da zabirata, ya ce ba ya so, in bar masa akuya. Ya kama ni ta baya ya rungume, ya ce wa Malam Garba, "Soka mishi sannu, ka daɗe ciki. Tun ina saurayi nika jiran ranar ga."

Ba zan ce maka ban ji komai ba, na daina yi maka irin wannan. Da zafi. Na yi ƙara, hulata ta faɗi, na taka ƙafar Bawa da takalminsa mai kyau. Amma kafin in gama ƙarar an zare, an dafe wurin da auduga, har Malam Garba yana kiran na gaba. Cizon cinnaka ya fi shi daɗewa. Mutanen taga suka yi ta yi mini barka kamar an yi mini haihuwa, ni kuwa na zauna a benci, abin da na ji haushi ne. Na ce wa Bawa, ashe wannan ne? Wannan ne duka? Ya shafa fuskarsa, ya ɗauko mini hulata ya kaɗe, muka fito. Hannun ya yi mini tsami, jikina ya ɗan yi ɗumi da yamma, washegari na aske mutum biyar ko shida da shi.

Na san allurar da aka yi mini ba ta shiga jikinka. Na yi ne don in sami bakin magana, ga shi kuwa na samu. Ka tashi ka je asibitin Tambuwal, ka ce su yi maka duk wadda likita ya rubuta, ka riƙe ranar da aka yi don ka gaya wa na Zariya. Ni da Bawa za mu biyo motar kasuwa mu zo. In kana son mai riƙe ka, ya iya, hannunsa kamar na maƙeri. Kuma kada ka tare ni da auduga a damtse da fuska a ɓace, don ni ne ubangidan masu wannan sana'a, daga nesa nake gane jabu.

An ce mini maganin Zariya yana zubar da gashi, kai da gemu duka. Ka ga gwamnati ta shigo har cikin sana'armu, aski ba aska ba sabulu. Kada wannan ya dame ka. Ni na yi maka askin suna, na san kanka tun yana kamar ɗan duma, ba shi da wani lungu da za ka ji kunyarsa. An ce kuma yana tsirowa in an gama.

Kai ne ɗan fari. Al'ada ta hana ni kiran sunanka, ta hana ni ɗaukarka a gaban mutane, ta hana ni nuna na damu. Ranar da ka zo ka gaya mana abin da likita ya ce, na ce Allah Ya sawwaƙe, na ci gaba da wasa aska kamar labarin wani gari ka kawo. Da ka ta da babur ka tafi, na shiga ɗaki na kasa fitowa har magariba. A takarda ba mai ganin fuskata, saboda haka bari in faɗa. Ina tsoro, Ɗanbaba, tsoron da ya fi na allura nesa ba kusa ba. Ciwon da Allah Ya ɗora maka ba ni da iko a kansa, na bar wa Mai shi. Amma in wata ƙaramar cuta ta same ka a gadon asibiti ta ƙofar da ni na bari a buɗe, ban san inda zan sa kaina ba. Yadda aka saba, ɗa ne yake tsayawa a kan kabarin ubansa ya karɓi gaisuwa. Na tsufa, na riga na sa rai kai za ka tsaya a kan nawa. Kada ka juya mini wannan saboda cizon cinnaka.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa rigakafin ya kama, Ya sa maganin ya bi ciwo ya bar mai ciwo. Allah Ya tsare ka a mota da masauki, Ya haɗa ka da masu tausayi, Ya dawo mana da kai Kebbe da ƙafafunka. Ka gaishe da Rabi, ka ce Allah Ya yi mata albarka. Innarka da ƙannenka da Kawu Bawa duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Wanzam.